Begen da Malam Ya Ce Na Coci Ne

Ranar da aka kunna abin, ga waɗanda ke tsakar gidana a Kaura. Akwai Malam, wan marigayi mijina, muƙaddamin zawiyarmu, an shimfiɗa masa buzu a gindin dogon yaro. Akwai matarsa Hajiya, wadda muka zauna gida ɗaya da ita tun ina amarya a ƙauyenmu na ƙasar Zurmi, kafin 'yan bindiga su taso mu gaba ɗaya. Akwai ƙanwata, ta zo daga Shinkafi tun da hantsi, don yanzu ba mai bin hanyar nan in rana ta karkata. Masu bandiri biyu daga zawiya, dattawa ne su ma, sun zauna can bakin zaure sun naɗe ƙafafu. Ni ina ƙofar ɗakina ina tsintar wake a faifai. Sai shi yaron, wanda don shi aka taru.

Na ce yaro, amma furfura ta fara fito masa a gemu. Shi ne na fari. Sunansa bai taɓa fita bakina ba, kuma ban taɓa zama na fuskance shi muka yi hira ba. In ina da magana sai in gaya wa wanda ke kusa, shi kuma ya ji. Haka muka tarar ana yi, ni kuwa na riƙe abin fiye da kowa. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ɗakinta ya tashi, Yaya yake ce mini kamar yadda ƙannena ke cewa. Surukata, Allah ya jiƙanta, da ni take ba amare misali. Takan ce, ku dubi wance, ko zazzaɓi yaron nan ke yi ba ta leƙowa. Na ji daɗin wannan yabon, ba zan ɓoye ba. Da na girma ni ma na riƙa yi wa 'yan mata faɗa a kansa. Ko bara sai da na kori wata jikar maƙwabta daga tabarmata, ta zo tana sumbatar ɗanta na fari a gaban mutane tana kiran sunansa kamar mai talla.

Gidanmu gidan malamai ne, ba mu gaji kiɗa ba. Bandiri kam ana buga shi, amma wannan zikiri ne, ba wanda ke ce masa kiɗa. Tun yana ƙarami yaron ya iya shi, hannunsa bai kai faɗin fatar ba yake bin manya daren Juma'a. Da aka kai shi makarantar kwana sai ya faɗa cikin masu badujala. Daga nan aka ce ya tafi Ikko, daga Ikko aka ce ya haye ruwa. Abin da ke iso mu sai labari: wai yana rubuta kiɗa a takarda kamar yadda ake rubuta wasiƙa, wani ya duba ya buga ko bai taɓa ji ba. Wai yana ɗaukar zikiri da bege irin namu yana haɗa su da kayan Turawa. Mata suka riƙa zuwa mini da magana a naɗe, wai ɗan gidan Malam ya zama maroƙi. Ni dai amsata ɗaya, ku tambayi waɗanda suka rene shi.

Sau ɗaya wata mata ta nuna mini shi a waya. Mutane maƙil a wani ɗaki mai fitilu, masu goge a jere kamar an shuka su, wasu sun maƙale nasu a haɓa, wasu nasu ya kai tsawon mutum sun jingina shi a ƙirji. Shi kuma yana tsaye riƙe da ɗan tsinke, ya juya wa duk manyan da suka zo baya. Na ce wa mai wayar, a ce masa ba a juya wa baƙi ƙeya. Na miƙa mata abarta. Da ta fita na yi ta jin haushin ban ƙara kallo ba.

Abin da ya kawo shi wannan karon, masu bandirin zawiya yake so. Ya gama wani babban aiki, ya ce bandirin da aka buga masa a can ba shi da rai, yana son hannun waɗanda suka koya masa, su tafi tare su buga a gaban jama'a. Su kuwa ba su motsawa sai da izinin Malam. Malam ya ce shi ba ya hukunci a kan abin da bai ji ba, a kawo a kunna. Ya zaɓi gidana don kada muridai su cika wurin.

Yaron ya ajiye wata 'yar lasifika a kan turmi da aka kifa, ya durƙusa ya ce, "Baba, in kunna?"

"Bismilla."

Ƙanwata ta matso kusa da ni ta ce, "Yaya, aje waken nan mana, ɗanki za a ji."

"Wa ya ce miki da kunne nika tsintar wake?"

Da farko wani gurnani ne can ƙasa, kamar hadari yana haɗuwa ta gabas. Sai gogen suka shigo a hankali, da yawa amma kamar numfashin mutum guda. Sai bandiri. Masu bandirin nan biyu suka dubi juna, ɗaya ya taɓe baki, ɗayan yatsunsa na motsi a gwiwa yana gyara wa mai bugun. Muryoyin maza suka ɗauki zikiri irin wanda muka sani, Malam yana gyaɗa kai da carbi a hannu. Na ce a raina, to, abin zai wuce lafiya.

Can sai komai ya lafa. Wata sarewa ta fito ita kaɗai, ta ja wani kari, ta sauko da shi, ta tsaya cak. Shiru. Ta sake ja, ta sauko, ta tsaya. A karo na uku gogen duka suka ɗauka tare da muryar wata mace, su ma in sun kai wurin sai su ɗauke wuta gaba ɗaya, kamar an toshe musu baki, sannan su dawo.

Wake ya zube mini a zane. Na san karin nan. Na san shirun nan ma, don ni na sa shi a wurin.

Lokacin da aka mai da yaron ɗakin kakarsa, dutsen niƙan gidan yana jikin dangar da ke bayan ɗakin. Kowace mace da ranar niƙanta, amma ni na riƙa karɓar na wasu, har ana cewa ban san gajiya ba. Da hantsi maza sun tafi gona, tsohuwa ta fita gaisuwa, shi yana ciki yana kukan nono. Ba ni da ikon shiga. Sai in durƙusa a dutsen in kama bege, wasu baitoci da na tsinta a bakin mahaifina, amma karin nawa ne, niƙa ce ta yanka mini shi. In na tura ɗan dutsen sai in ja murya, in na kai ƙarshe sai in tsaya in jawo shi in shaƙi iska. A wannan tsayawar nake kasa kunne in ji ko ya yi shiru. In wani ya gifta, bege nake yi wa Manzon Allah, wa zai ce don me. Kuma ba ƙarya ba ne, begen nake yi. Sai dai na san wanda nake so ya ji. Na yi haka har ya yi wayo ya fara bin yara, daga nan na bari, ban ƙara yi ba ko sau ɗaya. Na ɗauka ya tafi da ƙuruciya.

Ga shi nan a kan turmina, mutanen wata ƙasa suna tsayawa inda nake tsayawa in saurari kukansa.

Ban ɗaga kai ba. Amma na ji idon Hajiya a kaina, don ita tana gidan a wancan lokacin, ranakun niƙanta na fi karɓa.

Da abin ya ƙare Malam ya gyara zama. Sannan ya ce, "Na farkon na san shi, namu ne. Ba ni da ta cewa, ko da yake gogen sun yi yawa. Amma wanga na tsakiya, mai tsayawa, ina ka samo shi?"

Yaron ya dubi ƙasa.

"Da kai nike. Na zauna zawiyoyi tun daga nan har Jangeru har cikin Nijar, ban taɓa jin an ja bege haka ba. Bege ba ya tsayawa a tsakiyar baiti. Bandiri ma ba ya barin rami." Ya juya ga dattawan. "Ko kun san shi?"

"Ba mu san shi ba, Malam."

"Ni na san inda na taɓa jin irin shi," in ji Malam. "Can wajen tashar jirgi, ranar Lahadi, in an wuce ta bayan ɗakin ibadarsu. Su ke ja su tsaya, su ja su tsaya. Karin coci ne ka ɗauko ka ɗora wa yabon Annabi?"

"A'a, Baba. Wallahi a'a."

"To na wa ne?"

"Na gida ne."

"Wane gida? Ni ne gidan. Faɗi wanda ya koya maka, in yana da rai a kira shi, in ya mutu a faɗi sunansa mu yi mishi addu'a."

Ina kallon bayan wuyansa daga inda nake. Ya yi gumi har rigar ta manne. Mutumin da ke tsayar da masu goge cike da ɗaki da ɗan tsinke, ga shi durƙushe ya rasa bakin magana. Bai waiwayo ba. Ko da gefen ido bai dube ni ba, kuma da ya duba da an gane. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya faɗi ba."

Kalma uku ta ishe ni. Nawa ne, Malam. Na ji su a bakina har da ɗanɗanonsu. Amma ban taɓa yi wa Malam magana kai tsaye ba tun da aka kawo ni gidansu, wan miji ne. In kuwa na ce nawa ne, ba a nan za a tsaya ba. Za a ce, ya aka yi ya ji, shi da ke ɗakin kakarsa, ke da ba ki leƙawa? Ga ƙanwata mai bakin da ba ya riƙe ruwa, kafin Juma'a duk Shinkafi ta ji. Ga dattawan zawiya za su san matar gidan malamai ce ta yi karin da ake rerawa gaban maza a ƙasar Turawa. Ga duk 'yan matan da na tsawata wa. Na sunkuya ina tsince waken da ya zube ɗaya bayan ɗaya, kamar shi ne aikin da ya fi komai a duniya.

Malam ya sa hannu aka ɗaga shi. Ya ce, "Abin da ba a iya faɗin asalinsa ba a kai shi gaban Annabi. Mutanena ba su zuwa. Kai ma in ka ƙara sa sunan zawiyarmu a bakin aikin nan, ban yafe ba." Ya sa takalmi, dattawan suka bi shi.

Hajiya ta tsaya ɗaura mayafi, ta daɗe tana ɗaurawa. Da ta zo wucewa ta gabana ta ce, ba da ƙarfi ba, "Wake ya yi kyau bana."

"Ya yi."

"Ni dai kunnena bai mutu ba tukuna. Amma ba ni ce mai niƙan ba." Ta wuce.

Bayan la'asar ƙanwata ta zuba masa tuwo ta kai masa gindin bishiyar. Ina jin su daga madafa.

"Kai ma dai da taurin kai. Ka ce a mafarki ka ji mana, wa zai bi ka cikin barci ya duba?"

"Inna, a yi wa Baba ƙarya?"

"To cire wurin. Ai abin da tsawo, ko an yanke ba a ganewa. Ni ma wurin nan ya sa ni jin barci."

Ya yi 'yar dariya. "In an cire shi ba sauran komai. A kansa na gina duka."

"To ina ka samo shi, don Allah? Ni ba Malam ba ce, gaya mini."

"Ci tuwonki, Inna."

"Ji ɗan banza, tuwon nawa ne ko naka?"

Da ya gama ya zo bakin madafa ya durƙusa daga gefe, yadda ya saba, yana fuskantar bango. Ya ce wa ƙanwata, "Inna, a gaya wa Yaya jibi zan koma."

Na ce, "A ce masa Allah ya kiyaye hanya. Ya bi ta Gusau da wuri."

"A ce mata na gode da tuwo."

"A ce masa ba ni na tuƙa ba."

Ya ɗan jima a durƙushe. Na ɗauka zai ƙara wani abu, na riƙe muciya ina jira. Sai ya ce, "A ce mata kada ta damu da maganar ɗazu. Ba komai." Ya tashi.

Ƙanwata ta bi shi da kallo ta ce, "Mi ya haɗa ki da maganar ɗazu da za ki damu?" Na ce ta miƙo mini murfin tukunya.

Wannan ba komai ɗin shi ya fi ci mini rai. Da ya yi fushi, da ya fita bai yi sallama ba, da na sami abin da zan yi faɗa a kai. Sai ga shi ya rufa mini asiri a gaban mutane, an kira shi mai satar karin coci ya haɗiye, sannan ya zo yana ba ni haƙuri. Kunyar da na yi ta taƙama da ita shekara da shekaru, ashe shi ya fi ni iya ta. Tawa ta tsare ni ce kawai. Tashi ta ci masa masu bandiri da albarkar Malam.

Washegari da na idar da sallar asuba na jira gari ya yi haske, na ɗauki mayafi. Ƙanwata ta tambaye ni ina zuwa, na ce ɗebo wuta. Ta ce, "Ga ashana a taga." Na fice.

Gidan Malam ba nisa, bayan masallaci ne. Na tarar ya dawo yana ɗakinsa, Hajiya ta kai masa kunu. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa a bayan asabarin ƙofar inda ba zai gan ni ba. Hajiya ta leƙo, ta dube ni, ta koma ta zauna a bakin ƙofar, rabinta ciki rabinta waje.

Na ce, "Hajiya, a gai da Malam."

"Malam, ana gaishe ka."

"Ina amsawa. Lafiya da sassafe?"

"A ce masa maganar jiya ce. Karin nan ba na coci ba ne."

Hajiya ta maimaita, ko da yake tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba.

"Ita ta san na wa ne?"

"A ce masa na niƙa ne. Tsayawar nan, wurin jawo dutse ne. A ce masa nawa ne."

Na ji an ajiye kwanon kunu. 

"Ban taɓa ji ba," in ji shi.

Hajiya ba ta jira ni ba. "Kana gona, Malam. Ni na ji. Har na gaji da ji."

"To shi ya aka yi ya ɗauka? Ai ɗakin tsohuwa ya tashi."

Ga tambayar da na gudar wa jiya ta same ni. Fuskata ta yi zafi kamar na leƙa tukunya. Na ce, "A ce masa dutsen na jikin ɗakin."

"Dutsen na jikin ɗakin," in ji Hajiya, muryarta na rawa, ban sani ba dariya ce ko mene.

"Wato Annabi aka yi wa begen, ko wani aka yi wa?"

"A ce masa duka biyu."

Malam ya yi gyaran murya. Na san shi, tsoho ne mai son ya kai magana ƙarshenta. Ya ce, "Wa ke nan? Gidan nan yara da yawa suka tashi. A faɗa mini wanda aka yi wa."

Hajiya ta juyo ta dube ni, ba ta maimaita ba. Na dubi tabarmar da nake kai. Sunan ba zai fito ba, ko an yanka ni. Na ce, ba ta bakin kowa ba, kai tsaye ga asabarin, "Wanda na haifa, Malam. Ɗana."

Ban taɓa jin muryata ta faɗi haka ba, sai ta yi mini kamar ta wata.

Can Malam ya ce, "Hajiya, aika a kira mini shi. A biya a gaya wa masu bandiri su zo da kayansu, in ji yadda za su yi da ramin nan." Ya ɗan tsaya. "Ita kuma a ce mata ta jira, sai ta ja musu shi da bakinta, don lasifika ba ta amsa tambaya."

Na ce a ce masa wannan kam ba zan iya ba. Hajiya ta ce ita ba ta ji abin da na ce ba. Na lalubi takalmina da niyyar in tashi kafin su iso, sai na ga tana zaune a kansu. Na ja mayafi na rufe fuskata har haɓa, na gyara durƙuso, na zauna jiran su.